Kwanon Baba a Tabarmar Ƙofar Gida

Ranar da Baba ya dawo daga gidan likita da takarda a aljihun gaban rigarsa, ina zaune ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu, ina kallon inuwar ganye tana yawo a tafin hannuna. Hutun jami'a ne, kuma ban da karatu da dogon tunani ba ni da wani aikin kirki. Baba dillalin shanu ne a kasuwar dabbobi ta Tawa. Yana iya duban bijimi sau ɗaya ya faɗa maka garin da aka yi kiwonsa, amma rubutun boko bai taɓa shiga tsakaninsa da shanu ba, don haka ni ya miƙa wa takardar.

Hawan jini ne, abin da a nan muka fi kira tansiyo. An ba shi ƙwayoyi, an ce ya rage gishiri da mai, ya bar dunƙulen miya gaba ɗaya, ya dawo bayan mako biyu.

"Yarinya ce ƙarama ta auna ni," in ji Baba yana dariya. "Ta ɗaure mini hannu da wani ƙyalle, ta hura shi kamar tayar keke, wai jinina ya hau. Ina zai hau ya tahi?"

Inna ba ta yi dariya ba, ni ma haka. Daminar da ta wuce ne yayan Baba da ke Bambeye ya faɗi a gonarsa, tun daga ranar ɓarin jikinsa na dama bai sake motsi ba. Mutumin da ke ɗaukar buhun hatsi shi kaɗai, yanzu sai an juya shi a kan tabarma. Shi ma an taɓa ce masa tansiyo, shi ma dariya ya yi.

Da yamma na ɗauko sabon kaye, irin littafin rubutun da muke zuwa da shi makaranta, na zauna da wayata ina ta karanta abin da masu hawan jini ya kamata su ci. Na ja layuka miƙaƙƙu, kwana bakwai a tsaye, safe da rana da dare a kwance. Na sa wa Litinin dambun zogale mai ɗigon mai, Talata wake da kabewa, Juma'a kifin Tabalak dafaffe ba soyayye ba. Laraba na fi so. Dafaffen shu ne da karoti, wato kabeji da karas, kore da ruwan goro a kwano ɗaya, har na rubuta a ƙarƙashinta da ƙananan baƙaƙe: ranar launuka. Da na gama sai na ji kamar na gina wa Baba ɗaki mai taga bakwai, kowace tana kallon lafiya.

Na kai wa Inna tana tankaɗe. Inna ta fi shekara talatin tana dafa abinci a gidan nan ba tare da ta san da safe abin da za a ci da dare ba. Takan tashi, ta dubi sama, ta dubi abin da mai tallar ganye ta kawo, ta dubi fuskar Baba, sannan tukunya ta hau wuta. Na karanta mata tun daga Litinin har Lahadi, ta saurara ba ta tsai da rariya ba.

"Yau wace rana?"

"Asabar, Inna."

"To ke da ke zaune Asabar, kin san abin da za a ci Alhamis? Wa ya ce miki za mu kai Alhamis ɗin?"

"Tsari ne kawai, Inna."

"Ba za a liƙa mini wannan a bango ba sai kin sa in Allah ya yarda."

Na rubuta shi a saman shafin da manyan baƙaƙe. Ta leƙa, ta ce wannan na sama ne kaɗai, sauran fa? Haka na bi akwati ashirin da ɗaya ina cusa in Allah ya yarda a kowane, har wake da kabewa suka rasa wurin zama. Sannan ta yarda na liƙa shi kusa da ƙofar madafa.

Lahadi ranar babbar kasuwa ce, na tafi da babban kwando. Na cika shi da zogale da shu da yalo da salati har sai da ganye ya rufe mini fuska. Wata tsohuwa da ke kawo kaya daga wajen Barmu ta dube ni, ta dubi kwandon.

"Ɗiyata, awaki nawa kika aje?"

Na ce mata na babana ne. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta ƙara mini karoti biyu.

Daga Litinin na ware wa Baba ƙaramar tukunya. Da safe kokonsa ba sukari, bai yi gardama ba. Da rana yakan dawo daga kasuwa ya ci a gabana, yana tauna a hankali yana kallon nesa, kamar mutumin da aka aiko masa da labarin da bai gama fahimta ba. Ya kuma yi mini alkawarin barin gasasshen naman bakin kasuwa, ya cika alkawarin, don Baba ba ya ƙarya. Aikinsa dai ya koya masa faɗin gaskiyar da ta ishi ciniki, ya bar saura a aljihu.

Abincin dare kuwa ba a cikin gida yake ci ba. Tun kafin a haife ni, dattawan layinmu su huɗu ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu bayan sallar magariba. Akwai Baba. Akwai Alhaji mai albasa, ɗan gwaggon Baba ne, abokin wasansa, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Akwai tsohon direban da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Tawa da Barmu, sai tela na bakin kwana, siriri mai yawan ƙorafi. Kowane gida na fitar da kwanonsa a rufe. Mu mata ba ma zama a wurin, a zaure muke ajiye kwano mu koma ciki. Na san wannan kamar yadda na san launin ƙofarmu, wato ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. A hotunan da na gani cikin waya, kowane mai hawan jini yana zaune ne shi kaɗai gaban farantinsa, kamar ɗalibi gaban takardar jarrabawa, kuma haka na ɗauki Baba a raina.

Kullum kwanona sai ya dawo tas, har gefensa a suɗe. Nakan ɗaga shi a hasken fitila ina jin daɗi.

"Baba, ka ci?"

"Na sa hannu, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Da mako biyu suka cika muka hau kabu-kabu biyu zuwa gidan likita, ina rungume da kayena. Ma'aikaciyar ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun, ta sake dubawa.

"Baba, kana bin abin da aka ce kuwa?"

"Tambayi ɗiyata, ita ke dahuwa."

Na buɗe mata kayen. Ta karanta, ta ce ita kanta ba ta iya cin abinci da irin wannan ladabi ba. Amma awon bai sauka ba ko kaɗan, ta ce in ma an matsa mata, ya ɗan ƙara. A hanyar dawowa ban ga komai ba sai bayan rigar mai babur.

Kunya ta sa na nemi wanda zan ɗora wa laifi, kuma ban yi nisa ba. Na ce a raina tausayi ne ke sa Inna jefa dunƙule a ƙaramar tukunya in na juya baya. Na kwashe gwangwanin gishiri da na dunƙule na ɓoye su a ɗakina bayan littattafai. Inna ta zo kaɗa miyarta, ta laluba ta rasa. Ta shigo ɗakina, ta wuce kai tsaye ta ture littattafan ta ɗauki kayanta, kamar ita ta ajiye su.

"Ni kike tuhuma ke nan."

"A'a Inna, ni dai..."

"Tukunyarki ban taɓa ta ba. Ki nemi ɓarawonki waje."

Na ɗauka fushi ne ya sa ta faɗi haka. Sai na ƙara tsanantawa. Ɗan gishirin da nake barbaɗawa da kan yatsa na daina, ɗigon man ma na janye shi. Larabar makon nan abin da na zuba a kwano ruwan zafi ne da launi ke iyo a ciki. Shi ma tas ya dawo.

Wata Talata na kai kwano zaure, na ajiye, na juya zan koma, sai na hango sama ta tsagar ƙofa. Rana ta faɗi, ta bar wani ja-ja mai laushi a bayan hasumiyar masallaci, tsuntsaye na komawa a jere. Na tsaya ina neman kalmar da ta dace da wannan launi. Ina nan tsaye a bayan ƙofa Baba ya miƙo hannu ya ja kwanon waje, bai gan ni ba. Sai na ji muryar Alhaji.

"To jama'a, magani ya iso. Yau wa ke da shi?"

"Talata ta direba ce," in ji tela.

"Ni? Ni da na ci Talatar da ta wuce, na ƙara da Larabarka da ka ce haƙorinka na ciwo? Abin nan har haƙori ake nema a ci shi? Yau kai za ka ci."

"Na yarda. Wallahi na yarda in ci Talata biyu a jere, in dai za a ɗauke mini gobe. Laraba ta fi ƙarfina. Rannan har mafarkin shu na yi."

"Ku rage murya," in ji Baba. "Ɗiyata ce ta dafa, kuma ta yi karatu."

"Ita ta yi karatu, mu muke shan jarrabawa," in ji Alhaji. "Kai dillali, matso nan, ga malkun Hajiya tun da zafinsa."

"Tsaya in sa hannu a nawa tukuna, za ta tambaye ni."

Na leƙa ta tsagar. Baba ya buɗe kwanona, ya ɗebi loma ɗaya ƙarama da yatsu uku, ya haɗiye da bisimilla, ya tura wa tela sauran. Sannan ya gyara zama gaban malkun gidan Alhaji, kai da ƙafar bijimi da suka kwana kan wuta, mai na ƙyalli a samansa. Bayan shi aka buɗe tuwon gidan direba da man shanu kwance a kan miya, aka bi da shinkafar gidan tela. Hannu huɗu cikin kwano ɗaya, in ya ƙare a jawo na gaba, haka ake ci a tabarmar nan tun fil azal. Tela kaɗai ke gefe da wakena da kabewata, yana ci yana sauke numfashi, yana miƙa wuya wajen malku.

A tabarmar nan kwano ba ya komawa gida da saura, don cin fuska ne ga wadda ta dafa. Dattawan nan ba su so yarinya ta ga abincinta ya dawo ba, ba su kuma iya cinsa su duka ba, sai suka raba kwanakin mako a tsakaninsu. Ashe tsari biyu ke aiki a gidanmu, nawa a bangon madafa, nasu a ka, kuma nasu ne ba a taɓa saɓawa ba.

Na koma ciki hawaye na zuba, dariya kuma na neman ƙwace mini. Inna na zaune kan kujerarta 'yar tsugunne tana cin tuwo.

"Kin ga ɓarawon?"

"Su huɗu ne, Inna. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Wayarki kika tambaya. Ni kin tambaye ni?"

Washegari da safe na sami Baba yana shan koko. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa na ji komai. Ya ajiye ludayi, ya shafa gemu, kunnuwansa kamar na yaron da aka kama. Na roƙe shi ya riƙa cin abincin dare a cikin gida, ko na wata ɗaya ne. Na zaci zai yi wasa da maganar, amma bai yi ba.

"Ɗiyata, ranar da aka haife ki, a kan tabarmar nan aka yi mini albishir, hannuna cikin tuwon gidan direba. In na shige gida yau, gobe gari zai ce mun yi faɗa, ko kuma a ce ciwona ya yi tsanani a fara zuwa gaisuwa. In kuma na zauna aka buɗe kwanon Alhaji na naɗe hannu, kafin isha'i Hajiya ta ji cewa na ƙi abincinta. Ke ce za ki je ki ba ta haƙuri?"

Na tashi na koma madafa.

Ranar Alhamis da azahar direba ya shigo da Baba yana riƙe da kafaɗarsa. A kasuwa ne, ana tsakiyar ciniki, ya ce ƙasa na karkata, ya dafa wani turke ya zauna. Hularsa a hannun direba take. Ban taɓa ganin kan Baba ba hula a waje ba, sai na ga ashe duk ya yi fari. Muka kai shi gidan likita, suka kwantar da shi har la'asar, suka canza masa ƙwaya, suka ce wannan karon gargaɗi ne. Muka dawo da shi gida. Da safe, bayan ya karya ya koma ya kwanta, Inna ta yafa mayafinta ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ɗauko kayenki."

Gidan Alhaji muka nufa. Hajiya mace ce mai jiki da fara'a, wadda in ana biki a unguwa ita ake ba babbar tukunya. Inna ta riga ta aika wa matar direba da matar tela, muka same su zaune. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi zafi, aka tambayi 'yan Bambeye. Ni kuwa na shirya jawabi tun a hanya, kan gishiri da jijiyoyin jini, har da misalin bututun ruwa. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni.

"Hajiya, taimako muka zo nema. Yarinyar nan ba ta iya dahuwa ba."

Na ji kamar in nutse cikin tabarma.

"Mun ji labari," in ji Hajiya cikin tausayi.

"Nawa duk ranar Talata sai ya shigo ya nemi hura kwano biyu," in ji matar direba.

"Nawa ranar Laraba ba ya ma gaisawa da kowa," in ji matar tela.

Suka yi dariya har da tafawa. Inna ta bar su suka gama, sannan ta faɗa musu abin da likita ya ce jiya, da yadda ta ga an shigo mata da miji ba hula. Ba ta ce abincin kowa ne ya jawo ba. Ta ce dai mutumin nan ba zai bar tabarma ba, su ma sun sani, kuma ita ba ta da wani sai shi. Can Hajiya ta ce Alhaji ma ya daɗe yana kukan ciwon ƙeya, in ta ce ya je a auna shi sai ya ce albasa yake sayarwa, mai albasa ba ya ciwo.

Ta juyo wajena. "Karanta mini abin naki in ji."

Na karanta. Da na zo kan ranar launuka na so in tsallake, Inna ta ce in karanta duka. Matar tela ta kwanta a kafaɗar matar direba don dariya. Hajiya ta share ido da bakin zane.

"To tsaya. Likitan ya hana daddawa?"

"A'a."

"Ya hana gabu? Tafarnuwa fa? Citta, tsamiya, lemun tsami?"

"Bai hana ba."

"To ke wa ya hana ki? An ce ki rage gishiri, kin bi kin kori kowa da kowa daga tukunya. Tashi mu je madafa."

A nan na ga abin da ban karanta a ko'ina ba. Ta binne albasa uku da ɓawonsu cikin garwashi, ta bar su har suka yi laushi suka fara zaƙi. Ta ɓare, ta daka su da daddawa da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da 'yar citta. Ta zuba cikin miyar kuɓewa, gishirin da ta sa bai kai abin da kaza za ta tsatta ba, ta matse rabin lemun tsami a ƙarshe. Ta miƙo mini ludayi. Na ɗanɗana, na tuna tela da abin da na yi masa har mako uku.

Muka koma tabarma aka buɗe sabon shafi. Abu na farko da aka yarda da shi, kwanon waje za a riƙa zubawa kafin a jefa dunƙule da gishirin ƙarshe, na cikin gida kowa ya yi yadda ya saba. Na biyu ya fi wuya. Na ce bai kamata kwano huɗu masu nauyi su haɗu dare ɗaya ba, a raba: in wannan gida ya yi tuwo, wancan ya yi ganye, wani ya yi wake. Nan gardama ta tashi. Matar direba ta ce ita ba za ta fitar da ganye ranar da wata ta fitar da nama ba, a ce mijinta ya talauce. Matar tela ta ce wake na hana maigidanta barci, aka tuna mata cewa komai na hana shi barci. Hajiya kuwa ta ce a taɓa komai ban da malkunta, don da shi aka san ta tun tana amarya. Aka yi ta ja har Inna ta kawo mafita: malku ranar Juma'a kaɗai, a dafa tun safe, a bar shi ya huce man ya taru a sama a kwashe.

"A kwashe a kai ina?" in ji Hajiya.

"Ki aiko mini," in ji matar tela.

Ina rubutawa ina sokewa. Kowace sai ta dangwala yatsa a kan ranar da take so, ko da ba ta karanta abin da ke wurin. Da muka tashi shafin ya cika da zane da kibiyoyi da tabon mai, ba layi ɗaya miƙaƙƙe. Aka kuma yi alkawari ba wadda za ta faɗa wa mijinta.

Daren farko na koma bayan ƙofar zaure, wannan karon ba don kallon sama ba. Aka buɗe kwanon gidan Alhaji, aka ci loma biyu, aka dubi juna.

"Yau Hajiya ta yi mantuwa," in ji Alhaji. "Ku yi haƙuri, jawo na direba."

Aka jawo na direba. Shi ma haka. Aka buɗe na tela.

"Dillali," in ji Alhaji a hankali, "cutarka ta shiga gidajenmu."

"Ni mi na sani? Ina kwance."

"Ni dai ban ga laifinsa ba," in ji tela da baki cike. "Ku ba ku san wahala ba. Wannan ai abinci ne."

Aka zo kan nawa, dambun zogale da albasar garwashi yadda Hajiya ta koya mini. Direba ya ɗeba da tsoro, ya tauna, ya sake ɗeba. Ba wanda ya tambayi ranar wa ce.

Ba a rasa tawaye ba. Kwana uku bayan haka Hajiya ta sami ƙullin gishiri a aljihun Alhaji wajen wanki, ta aiko mini da shi a cikin kwano a rufe, kamar kyauta. Direba ya gwada zuwa da yajinsa mai dunƙule a cikin kwalbar magani, matarsa ta gane ta musanya masa da wanda ta daka da kanta, ya yi mako yana yabon yajin bai sani ba. Juma'ar farko da malku ya fito ba mai a samansa, Alhaji ya ce a yi masa ta'aziyya. Amma ana ci, kwanuka na dawowa tas, Baba kuma na zaune a wurinsa na kullum yana tsokanar kowa. Ni ce dai ban saki jiki ba. Kullum da safe sai na dubi tafiyarsa daga ɗaki zuwa buta, in ga ko ƙasa na karkata masa.

Bayan mako uku ranar awo ta zo. Alhaji ya ce zai raka mu, wai yana so ya ga yadda ake hura dillali. Ma'aikaciyar ta ɗaura, na kafa wa fuskarta ido don ban iya kallon abin awon ba. Ta ɗaga gira, ta yi murmushi. Ta ce ya sauka sosai. Bai kai inda ake so ba tukuna, kada a bar ƙwaya, kada a koma gidan jiya, a ƙara da tafiya a ƙasa, amma hanyar ke nan. Sai a lokacin na lura tun shigowarmu nake murɗa bakin mayafina, har ya jiƙe da gumi.

Baba ya sauke hannun riga, ya dubi Alhaji da irin kallon da yake wa mai sayen shanu da ya fara taɓa aljihu.

"Alhaji, tunda ka zo, miƙa hannu mana. Ba zafi. Kai da ba ka ciwo, mi za ka ji tsoro? Nuna wa yarinyar nan jinin mai albasa."

Alhaji ya ce shi rakiya ya zo. Baba ya ce ai ya sani, tsoro ba laifi ba ne, mutum da girmansa ma yakan ji. Kafin ya rufe baki Alhaji ya naɗe hannun riga ya zauna. Ma'aikaciyar ta auna, murmushinta ya tafi, ta jawo takarda ta fara rubutu, tana yi masa bayani a hankali. Alhaji ya karɓi takardar, muka fito.

Masu kabu-kabu suka taso mana, Baba ya ce a'a, an ce a yi tafiya. Na bi su a baya, dattawa biyu cikin manyan riguna, Baba na ta yi wa Alhaji wa'azi kan gishiri kamar shi ya gano illarsa, Alhaji na cewa ya rufe masa baki. Muka zo daidai masu gashin nama na bakin hanya, hayaƙi ya taso da ƙamshin kitse da yaji. Na ga tafiyarsu ta ragu su duka biyu, har mai naman ya ɗaga wuƙa yana yi musu maraba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Baba ya kama hannun rigar Alhaji ya ja shi.

"Mu tsallaka can, Alhaji. Iskar wajen nan ma gishiri gare ta."

Suka tsallaka titi, Alhaji na waiwaye, Baba na jan sa.